Sanyin da ya ƙi jin magani: shekara biyu ina fama, ku ba ni shawara

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya kai ni bango. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da abin da kowa ke ce wa sanyi. Ƙaiƙayi ne a gaba, da wani ruwa mai kumfa-kumfa, launinsa tsakanin rawaya da kore, ga ƙarni, ga zafi in na zo fitsari. Wani daren ƙaiƙayin kan tashe ni daga barci, in lallaɓa bayi in yi ta zuba ruwa ina hawaye don kada in tada kowa. Na sha magani ya fi sau biyar. In na sha sai in samu sauƙi sati biyu ko uku, wani lokacin wata guda, sai ya dawo kamar ban taɓa shan komai ba. Ban taɓa yin gwaji ba, kwatance kawai nake yi a ba ni ƙwayoyi. Maigidana lafiyarsa ƙalau, bai taɓa cewa wani abu na damunsa ba, shi ya sa ban ma gaya masa inda abin ya kai ba. Don Allah wadda ta san abin da ke kashe shi gaba ɗaya ta taimaka min.

Ummu Hanan:
Wa'alaikumussalam. Sannu 'yar uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yawanci a bayi ake kwasarsa, musamman wanda ake haɗawa da mutane da yawa. Ki dinga zama cikin ruwan zafi da gishiri safe da yamma, ki wanke ciki sosai da sabulu. Allah ya yaye miki.

Anti Nas:
Maman Khalil, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ummu Hanan, na san taimako kika yi nufi, amma don Allah a bar maganar ruwan zafi da cusa sabulu. A cikin farji akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke riƙe wurin da ɗan tsami-tsami, su ne masu gadin ƙofa. In aka yi ta wanke ciki da sabulu, su ake fara kashewa, sai wurin ya zama a buɗe ga duk abin da ya zo. Wanke waje da ruwa ya wadatar.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba kalmar da ke wahalar da mu a wurin aiki irin wannan "sanyi". Mata goma za su zo su ce sanyi, a duba a tarar cuta huɗu ce ko biyar, kowacce da nata maganin. Akwai kandida, mai sa ƙaiƙayi da farin abu mai kauri guda-guda. Wannan ciki kan kawo ta, ciwon suga kan kawo ta, yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ma kan kawo ta. Akwai rikicewar ƙwayoyin farji mai sa ƙarni. Waɗannan biyun ba a lissafa su cikin cututtukan saduwa. Sai waɗanda ta saduwa ake ɗauka: gonoriya, wadda ita ce asalin ciwon sanyi, da kilamidiya, da tirikomonas.

Abin da kika kwatanta, ruwa mai kumfa da launin rawaya-kore, ya yi kama da tirikomonas, amma gwaji ne kaɗai zai tabbatar, ba ni ba. In har ita ce, to ga dalilin da take dawowa: yawancin mazan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai. Ki sha magani ki warke, ku sadu, ta dawo miki. Shan maganinki ke kaɗai ɗibar ruwa ne da kwando. Ku je tare.

Baban Nana:
Anti Nas, da girmanki, wannan magana tana iya rushe gida. Baiwar Allah ta ce mijinta lafiyarsa ƙalau, ke kuma kina nuna kamar shi ya kawo mata. Tun muna yara mun san a bayi ake ɗaukar sanyi. A bar kaza cikin gashinta mana.

Malam Mai Gwaji:
Baban Nana, bari in sa baki tunda aikina ke nan, a ɗakin gwaji nake wuni. Ƙwayar gonoriya ba ta da juriya ko kaɗan a wajen jiki. In aka ɗauko samfuri aka bar shi ya bushe kafin ya iso gare mu, sau da yawa ta mutu, ba za ta tsiro ba ko mun shuka ta a abincin da take so. Abin da muke lallaɓawa haka don kada ya mutu a hannunmu, shi ne zai zauna a bakin masai yana jiran mutum? Haka kilamidiya, haka ƙwayar tunjere, haka HIV. Bayi ba hanyarsu ba ce. Abin da kan bi zanin gado ko tawul shi ne ƙwarƙwatar gaba da ƙazwa.

Amma a inda ka ji tsoro, ina tare da kai, kuma ilimin ma yana tare da kai. Takardar gwaji ba ta faɗin ranar da cuta ta shiga, ba ta faɗin wanda ya fara ɗauka. Tirikomonas na iya zama a jiki watanni, har shekaru, ba alama. Kilamidiya ma takan daɗe shiru. Mutum na iya shigowa aure da ita bai sani ba, mace ko namiji. Saboda haka ba wanda zai riƙe takarda ya ce ga mai laifi. Anti Nas ba ta ce shi ya kawo ba. Cewa ta yi in ba a yi wa su biyun magani ba, ba za ta fita daga gidan ba.

Baban Nana:
To na ji wannan. Amma fa namiji da ba ya jin ciwon komai a ce ya sha magani, da wuya ya yarda.

Anti Nas:
Nan ne gizo ke saƙar. Mun saba da cewa jiki magayi, amma a waɗannan cututtuka jiki ba ya gaya wa mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kullum sama da mutum miliyan 1 ke kamuwa da ɗaya daga cikin cututtukan saduwa da ake iya warkarwa, kuma mafi yawansu ba sa ganin wata alama. A ƙiyasinta na 2020, sababbin kamuwa miliyan 374 ne a shekarar: tirikomonas miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, gonoriya miliyan 82, tunjere miliyan 7 da ɗoriya. Ka ga wadda muke zargi a wurin Maman Khalil ita ce ma ta fi yawa, amma mutum nawa ne suka taɓa jin sunanta?

Waɗannan huɗun duk suna warkewa sarai. Abin da ke ci min rai shi ne ɓarnar da suke yi kafin a farga. Kilamidiya da gonoriya kan haura daga bakin mahaifa su shiga bututun da ƙwai ke bi, su bar tabo. Matar ba ta ji komai ba sai ɗan ciwon mara da ta ɗauka na al'ada ne. Bayan shekaru a zo ana neman haihuwa, a tarar bututu ya toshe. Ko ciki ya shiga ya tsaya a bututun, ya fashe, a kawo ta cikin dare jini na zuba a cikinta, fuska fari fat, ana neman wanda zai ba da jini. Na tsaya a kan irin wannan ba sau ɗaya ba. Namiji ma ba ta ƙyale shi ba, takan kumbura masa maraina, gonoriya kuma in ta daɗe takan ƙuntata hanyar fitsari har ya zama ɗiga yake yi.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, ina ta karantawa. Duk wannan dogon bayani, maganin abu ɗaya ne: kamun kai. Wanda bai yi aure ba ya kame, wanda ya yi ya tsaya a kan iyalinsa. In aka yi haka ina cutar za ta fito? Yawan buɗe wannan zance a bainar jama'a shi ke cire wa yara kunya.

Hauwa'u:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa gaskiya ne, wanda ya kame ya tsira daga mafi yawan wannan. Amma ka ba ni dama in faɗi nawa, don ni na kame kuma bai hana ni binne ɗa ba.

Ban taɓa sanin wani namiji ba sai mijina. Cikina na biyu, wata takwas, na wayi gari ban ji motsi ba. Na ce ko barci yake. Har azahar shiru. Da muka je aka ɗora abin sauraro a cikina, matar ta yi ta matsar da shi daga nan zuwa can, ba ta ce min komai ba, sai ta fita ta kira wani. A nan na gane. Kwana biyu ina naƙudar ɗan da na san ba zai yi kuka ba. Kayan da na haɗa masa suna cikin jaka, har da 'yar hula.

Bayan nan ne aka ɗebi jinina aka ce tunjere. Ban taɓa ganin ƙurji ba, ban taɓa jin ciwo ba. Aka gwada mijina, shi ma yana da ita. Ya zauna ya yi kuka, ya ce shekaru kafin aurenmu ya taɓa ganin wani ɗan gyambo a gabansa, ba zafi, ya warke da kansa, ya manta da shi. A cikin nan sau ɗaya na je awo, a makare, kuma ban tsaya an ɗebi jinin ba saboda layi. Likita ya ce da an gani da wuri, allurar penisilin ce kawai. An yi mana allurar mu biyu. Yanzu ina da 'ya'ya biyu bayansa, lafiyarsu lau.

Shi ya sa Baba, in aka ce a yi shiru, ni ba na iya yin shiru. Da na taɓa karanta irin wannan zancen da na tsaya a layin nan.

Ummu Hanan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hauwa'u, Allah ya sa mai ceto ne. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na janye maganar ruwan zafi.

Baba Dattijo:
Allah ya jiƙansa, 'yata, ya ba ki ladan haƙuri. Ban faɗa don in taɓa miki ciwo ba. Gwajin mai ciki ban da ja a kansa.

Anti Nas:
Hauwa'u, na gode da kika iya faɗa. Abin da mijinki ya kwatanta shi ne ainihin yaudarar tunjere. Kamar sati uku bayan an ɗauka sai gyambo ɗaya ya fito a inda ƙwayar ta shiga, ba zafi, gefensa da tauri. A mace yakan ɓuya a ciki inda ido ba ya kai. Cikin sati uku zuwa shida ya warke ko ba a sa masa komai ba, mutum ya ce alhamdulillahi. Bayan wasu makonni ko watanni sai ƙuraje su feso, har a tafin hannu da tafin ƙafa, yawanci ba ƙaiƙayi, da ɗan zazzaɓi. Su ma su tafi. Daga nan sai shiru na shekaru, kuma a wasu mutane ƙarshenta zuciya ko ƙwaƙwalwa ko ido take taɓawa. Tun 1943 aka fara warkar da ita da penisilin, kuma har yau penisilin ɗin ne maganinta. A ce cutar da aka san maganinta sama da shekara 80 tana kashe jarirai a ciki, wannan ba ƙarfin cutar ba ne, rashin gwaji ne.

Duk mai ciki, a zuwanta awo na farko, ta tabbatar an duba mata uku: HIV, tunjere, da ciwon hanta nau'in B. In ba a yi ba ta tambaya da bakinta. Gonoriya da kilamidiya kuma kan shiga idon jariri wajen haihuwa. In kika ga idon jariri ya kumbura yana fitar da mugunya a kwanakin farko, kada a jira gobe, gonoriya na iya makantar da shi cikin 'yan kwanaki.

Wani Ɗalibi:
Ku yi haƙuri zan shigo da wata tambaya, ina jin nauyi amma ba ni da wanda zan tambaya. Na yi kuskure shekaranjiya da dare da wadda ban san lafiyarta ba, kuma kororon roba ya fashe. Tun lokacin ban yi barci ba. In je gwaji yanzu ne, ko in jira in ga alama?

Malam Mai Gwaji:
Ƙanena, ajiye wayar nan ka tafi asibiti yanzu, ka karanta sauran in ka dawo. Akwai maganin da ake bayarwa bayan irin wannan don hana HIV kama jiki, amma dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kwana 28 ake sha ba fashi. Kai yanzu ka ci fiye da rabin lokacin. Ka faɗa musu gaskiya da ranar da abin ya faru.

Za su gwada ka yau, amma ka sani gwajin yau yana nuna yadda kake ne kafin shekaranjiya. Gwajin nan na gaggawa na ɗigon jini yana iya ɗaukar har wata uku kafin ya nuna sabon kamuwa, saboda haka za ka koma a sake. Ka tambaye su allurar ciwon hanta in ba ka taɓa yi ba, da lokacin da ya kamata a duba maka gonoriya da kilamidiya da tunjere. Jiran alama kuwa, ka ga abin da aka faɗa a sama.

Baba Dattijo:
To ga irinta nan. Da ba a koya musu akwai wani kororo ba, da tsoro ya hana shi.

Malam Mai Gwaji:
Baba, nasiha hakkinka ce a kansa, kuma na san zai ji, shi da kansa ya kira abin kuskure. Amma yanzu sa'o'i ake ƙirgawa. In ya kamu, ba a kansa kaɗai zai tsaya ba, wata rana zai auri 'yar wani. Hauwa'u ta gama ba mu labarin yadda abin da ya faru kafin aure ya biyo ta har ɗakin haihuwa.

Kuma kororon roba ba na marasa aure kaɗai ba ne. Ma'auratan da ɗayansu ke da cuta suna buƙatarsa. In an yi amfani da shi daidai yana tare HIV da gonoriya da kilamidiya da tirikomonas sosai. Fashewarsa yawanci daga 'yan abubuwa ne: ya wuce wa'adinsa, ko ya sha zafi a aljihu, ko an shafa masa mai irin su basilin, wanda ke cinye robar, ko ba a matse iskar da ke kansa ba. Sau ɗaya ake amfani da shi, kuma tun daga farko ake sawa. Ba ya rufe komai, wannan ma gaskiya ce da ya kamata a faɗa: cututtukan da ke bin taɓawar fata, irin hapis mai fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi, da HPV, ƙwayar da kan jawo sankarar bakin mahaifa, da gyambon tunjere, suna iya kasancewa a wurin da robar ba ta kai ba. Yana rage su, ba ya kawar da su. Sannan ƙwayoyin tazarar haihuwa da allura da ashanar hannu ciki kawai suke hanawa, ba ruwansu da cuta. Mutane da yawa suna haɗa biyun.

Wani Ɗalibi:
Na gode Yaya. Na fita yanzu.

Mai Haƙuri:
Ban yi niyyar magana ba, amma saboda yaron nan zan yi. Shekara tara ke nan ina rayuwa da HIV. Ranar da aka gaya min na ɗauka kwanana ya ƙare, har na fara raba kayana. Yau ƙwaya ɗaya nake sha kullum, ina aikina, ba wanda zai gan ni ya sani. Gwajin da ake min na yawan ƙwayar cutar a jini ya daɗe yana nuna ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta, kuma likitoci sun tabbatar cewa wanda ya kai haka ya kuma riƙe maganinsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Mijina ba shi da ita. 'Ya'yana biyu da na haifa bayan na fara magani ba su da ita. Ba tare da magani ba, cikin jarirai 100 na uwaye masu ɗauke da ita, 15 zuwa 45 kan kamu. Da magani adadin kan sauka ƙasa da 5.

Abin da ya kusa kashe ni ba ƙanjamau ba ne, tsoron gwaji ne. Shekara biyu ina rama ina zazzaɓi ina guje wa asibiti don kada a faɗa min. Mutum kusan miliyan 40 ne ke rayuwa da ita a duniya, wasu cikinsu ba su sani ba. Wanda bai sani ba shi ne ke cikin haɗari, kuma shi ne ke yaɗawa ba da nufi ba. Ɗalibi, ko me takardar ta nuna, akwai hanya a gaba.

Amarya Zee:
Allah ya ƙara lafiya Anti Mai Haƙuri. Ni tambayata a kan allurar da ake yi wa 'yan mata ce, ta HPV. Ƙanwata shekararta 11, mahaifiyarmu ta hana a yi mata. Ta ce yarinya ƙarama me ya haɗa ta da cutar saduwa, kuma ta ji ana cewa tana hana haihuwa.

Anti Nas:
Tambayar Mama tambayar uwa ce, a amsa mata da ladabi. HPV ita ce ƙwayar da ta fi kowacce yaɗuwa ta saduwa, kusan duk wanda ya yi rayuwar aure zai haɗu da ita wata rana. A mafi yawan mutane jiki kan kore ta da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A wasu mata kuwa takan zauna a bakin mahaifa, a hankali cikin shekara 15 zuwa 20 ta zama sankara. Nau'i biyu kawai, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. A 2022 mata kusan 660,000 aka samu da wannan sankara a duniya, kusan 350,000 suka rasu.

Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta ɗauka, tarewa take yi. Shi ya sa ake yin ta tsakanin shekara 9 zuwa 14, tun kafin yarinya ta san namiji. Ba zargin yarinyar ake ba, ana yi mata tanadi ne don ranar da za ta yi aure. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya, an yi wa miliyoyin 'yan mata, da yawansu yanzu iyaye ne, kuma binciken da aka yi bai nuna tana hana haihuwa ba. Sankarar ce ke raba mace da mahaifarta. Ke kuma da kika wuce shekarun, in kin kai 30 ki je a duba miki bakin mahaifa, ana gano canjin tun bai zama sankara ba a kuma magance shi.

Ciwon hanta nau'in B ma yana da allura, kuma shi mutane ba sa ma lissafa shi cikin na saduwa, alhali yana bin ta, yana bin jini, yana bin haihuwa. Babba in ya ɗauka yawanci jikinsa kan kore shi. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka ɗauka wajen haihuwa yakan zauna musu har girma. Shi ya sa ake son a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Baban Nana:
Ni dai in koma kan maganar farko. In mutum ya ga mugunya na fita yana jin zafin fitsari, ai kowa ya san ƙwayoyin da ake sha. Kwana biyu ya ɗauke. Sai an je an tsaya gaban mutane ana tambayoyi?

Malam Mai Gwaji:
Wannan "kwana biyu ya ɗauke" shi ya kawo mu inda muke. A da penisilin na kashe gonoriya. Ta saba da shi. Aka koma tetirasaikilin, ta saba. Aka koma sifurofuloksasin, yanzu a ƙasashe da yawa ba ya yi mata komai. Abin da ya rage a hannu sosai shi ne allurar seftiriyazon, kuma an riga an samu nau'in da ya fara bijire mata a wasu ƙasashe. Duk wanda ya sha rabin magani ya ajiye don zafi ya tafi, ya kashe masu rauni ne ya bar masu taurin kai, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ga shi sau da yawa gonoriya tare take tafiya da kilamidiya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Mugunya ta tsaya, ɗayar tana nan, ya kai wa matarsa.

Ka'idar ba ta da wuya. A duba, a sha maganin da aka rubuta har ƙarshe, a yi wa duk wanda ake saduwa da shi a lokaci guda, a ƙaurace wa juna har kwana bakwai bayan magani, kuma sai kowa ya gama nasa. Tambayoyin da kake gudu kuwa a ɗaki ake yinsu, sirri ne tsakaninka da ma'aikaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maman Khalil:
Na karanta komai, wasu har sau biyu. Tsorona ɗaya ne, yadda zan fara gaya masa. Mutum ne mai saurin fushi, ina gudun ya ɗauka zarginsa nake, ko shi ya zarge ni.

Hauwa'u:
Kada ki fara da "kai". Ki fara da abin da ke damunki. Ki gaya masa dararen da kike tashi kina kuka a bayi, na tabbata bai sani ba. Ki ce an ce miki irin wannan ba ya warkewa sai an duba mutum biyu, ki roƙe shi ya raka ki. In kun je, ki bar ma'aikatan su yi masa bayanin da bakinsu, ya fi shiga. In kuma kina tsoron zai iya cutar da ke, ki fara zuwa ke kaɗai ki gaya musu haka, sun san yadda suke kiran miji ba tare da sun jefa mace cikin matsala ba.

Wani Ɗalibi:
Na dawo. Sun karɓe ni, ba wanda ya daka min tsawa. Gwajin yau bai nuna komai ba, an fara ba ni maganin, an rubuta min ranar komawa. Baba Dattijo, na ji nasiharka, ka sa ni a addu'a.

Baba Dattijo:
Allah ya tsare ka, ɗana, ya shirye mu baki ɗaya. Ka sha maganin nan har ƙarshe kamar yadda suka ce.

Maman Khalil:
Assalamu alaikum, na dawo bayan sati uku kamar yadda ya kamata in yi. Na bi shawarar Hauwa'u. Da na gaya masa ya yi shiru har na tsorata, can sai ya ce, "Shekara biyu, kuma ba ki faɗa min ba?" Washegari shi ya riga ni shiryawa. An ɗauki samfuri, tirikomonas ce kamar yadda Anti Nas ta yi zato. An ba mu metronidazol mu biyu, muka ƙaurace wa juna har kowa ya gama. A zaman nan aka duba mana HIV da tunjere da ciwon hanta, babu ko ɗaya, an kuma yi mana allurar hanta ta farko tunda ba mu taɓa yi ba. Yau kwana goma sha biyu ban tashi cikin dare ba. An ce in koma bayan wata uku a sake dubawa. Anti Nas, ƙanwata tana da ciki wata biyu, gobe zan raka ta awo, sunayen gwajin nan uku na rubuta su a takarda.